Mahaɗin Salak na Gida: Yadda Ake Yin Sa da Abin da Ya Kamata A Fara Kiyayewa

'Yan'uwa mazauna Nima da Maamobi da sauran zangunanmu na Accra, salak ya zama abokin waakye da soyayyar shinkafa a gidajenmu da bakin titi. Wannan abin so ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. Sai dai yawancinmu kirim ɗin salak na kwalba da ketchup muke labta masa, waɗanda suke da tsada kuma ba a rasa su da sukari da gishiri. Akwai mahaɗi mai sauƙi da uwargida za ta iya yi da hannunta daga mai da ruwan tsami da ganyen ƙamshi. Iyayenmu da suke kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sun daɗe da sanin asalinsa.

Kayan haɗi, na mutum shida

Babban cokali 6 na man gyaɗa, ko man zaitun, ko man girki mai kyau wanda ba a taɓa soya komai da shi ba.
Babban cokali 2 na ruwan khal, wato binega, ko ruwan lemun tsami.
Rabin ƙaramin cokali na gishiri mai sinadarin ayodin.
Ƙwayar tafarnuwa 1, a daka.
Cikin tafi ɗaya na ganyen ƙamshi: na'ana'a, ko lawashi, ko ɗoɗɗoya, wadda maƙwabtanmu masu jin Twi suke kira akoko mesa.
Ɗan masoro, da ƙaramin cokali 1 na zuma ga mai so.

Ƙa'idar ita ce kashi uku na mai, kashi ɗaya na tsami. Duk wanda ya riƙe wannan zai iya ƙarawa ko ragewa gwargwadon yawan masu ci. Ga masu ɗari-ɗari da khal, ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci.

Yadda ake haɗawa

A sami kwalba mai murfi, a wanke ta da ruwan zafi, a bari ta bushe. A fara zuba khal da gishiri a girgiza, domin gishiri ba ya narkewa a cikin mai. Sannan a sa tafarnuwa da masoro da ganyen da aka wanke aka yanka ƙanana, a kawo man a zuba daga ƙarshe. A rufe, a girgiza da ƙarfi har ya yi kauri. Idan ya zauna, man zai taso sama, wannan ba lalacewa ba ce; a sake girgizawa kafin a zuba. Ƙaramin cokali na garin ƙuli-ƙuli yana ƙara masa kauri da ɗanɗanon da harshenmu ya saba da shi.

Man da ke ciki yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin bitamin A da ke cikin karas da koren ganye. Duk da haka mai yana sa ƙiba, don haka babban cokali ɗaya na mahaɗin ya ishi mutum ɗaya. Masu hawan jini su lura cewa giram 5 na gishiri ne iyakar da aka so babba ya ci a yini, saboda haka kada a ƙara dunƙulen magi. Masu ciwon sukari su bar zumar, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Mai gyambon ciki ya rage tsamin.

Mahaɗi ba ya wanke ganye

Wannan shi ne babban saƙon takardar nan. Mutane da yawa suna zaton tsamin da ke cikin mahaɗi zai kashe ƙwayoyin cuta. Ba zai kashe su ba, domin ya yi kaɗan kuma mai ya lulluɓe shi. Latas ɗin da ake sayarwa a Accra, mai yawa daga cikinsa a cikin gari ake noma shi, a wurare irin su Dzorwulu, kuma sau da dama da ruwan rafi ko na magudana ake ban ruwa. Binciken cibiyar IWMI mai ofishi a Accra ya gano ƙwayoyin cutar da ake samu a bayan gida da ƙwan tsutsar ciki a jikin irin wannan latas. Mun kuma tuna annobar kwalara ta 2014, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana, kuma Accra ta fi ko'ina jin jiki.

Saboda haka, kafin a zuba mahaɗi:

A wanke hannu da sabulu, a cire ganyen waje na latas da kabeji a zubar.
A wanke kowane ganye daban a ƙarƙashin ruwa mai gudana, na famfo ko wanda ake tsiyayawa daga buta. Gudun ruwan ne yake kwashe ƙasa da ƙwan tsutsa.
A jiƙa a cikin khal kashi ɗaya da ruwa mai tsabta kashi biyar na tsawon minti 10. Ɗan barbaɗa gishiri a roba, kamar yadda aka saba, bai isa ba.
A ɗauraye da ruwan sha, a tsane a kwando mai tsabta. Ganyen ƙamshin ma haka za a yi masa.
Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama ko kifi kada su taɓa salak sai an wanke su da sabulu.

Ajiya, da kira ga masu sayar da abinci

Mahaɗin da aka sa wa ɗanyar tafarnuwa da ɗanyen ganye ba ya jure ajiya. A firji, kwana uku ne iyakarsa. Inda babu firji, ko wuta ta ɗauke ta daɗe, a haɗa na yinin kaɗai, abin da ya rage a zubar, domin guba mai haɗari tana iya tasowa a cikin tafarnuwar da ta kwana cikin mai ba tare da warinta ya canja ba.

Iyayenmu mata masu sayar da abinci a kasuwar Nima da Malata da bakin hanya, ku ajiye mahaɗin a kwalbarsa, ku zuba lokacin da mai saye ya zo, don ganyen da aka zuba wa tun safe yakan yi laushi. Ku rufe salak daga ƙuda da ƙura, ku riƙa canja ruwan wanki, kuma hannun da ya karɓi kuɗi kada ya ɗebi ganye. A yi amfani da cokali.

Idan wani ya kamu da amai da gudawa bayan cin abinci, a fara ba shi ruwan ORS nan take. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko yaro ya kasa sha, a garzaya Babban Asibitin Maamobi ko asibiti mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.