Randa da Kwanon Jere: Me Za a Shuka a Tsakar Gida?

Duk uwar da ta taɓa haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki ta san kayan iri biyu ne. Akwai kwanonin jere da tangaran, waɗanda ƴan ganin ɗaki ke tsayawa suna yabawa. Akwai kuma randa, da ake girkewa a lungu a kan yashi mai laima. Ba mai rangaɗa guɗa saboda randa, amma ranar da ta fashe a tsakiyar bazara, gidan kaf sai ya ji a jikinsa. Shukar tsakar gida ma haka take. Itacen da ke riƙe ganyensa rani da damina shi ne randa, ƙaramar shuka mai fure kuwa ita ce jere.

Zancen ya taso ne saboda sababbin gidajen da ake ta ginawa a Anka da Gummi da Bukkuyum, wasu na ma'aikata da ƴan kasuwa, wasu na bayin Allah da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu. Bulo ne da rufin kwano, tsakar gida fayau babu inuwa. Idan maigida ya yi niyyar shuka, sau da yawa idonsa na kan abin da ya gani a ƙofar otal a Abuja ko a hoton waya: itacen nan mai tsini, mai ganye kamar allura, wanda Turawa ke yi wa ado lokacin Kirsimeti, wato dangin fayin.

Fayin itace ne na kirki a ƙasar da ta karɓe shi. A Najeriya ya yi kyau a tsaunukan Jos, inda tudu ya haura mita 1,200, da Mambila mai sanyi, an kuma yi gandunsa a Afaka kusa da Kaduna. Duk wuraren nan sun fi mu ruwan sama. Mu a yammacin Zamfara damina wata huɗu ce zuwa biyar, sai hunturu ya busar da komai, sai zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Ga shi saiwar fayin ba ta iya tsotsar abinci sosai sai da taimakon wani nau'in funfuna da ke zaune a jikinta, wanda ba kowace ƙasa ke da shi ba. Ko ya rayu da ban ruwa kullum, jikinsa a tsuke yake, inuwarsa ba ta isa shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Ya ci wurin randa, ya sha hidimar jere, bai ba da ruwan sanyi ba.

Itacen da ke yi mana aikin randa tun kakanni shi ne darbejiya, ko dogon yaro, ko bedi. Shi ma baƙo ne. Asalinsa Indiya da Bama, an shigo da shi Borno a 1928, daga nan ya bi tituna da makarantu da kasuwannin Arewa har ya zama ɗan gida. Alhazai sun san inuwarsa a filin Arfa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka riƙa jera shi layi-layi don tare iska, kuma gonakin geron da ke bayan layukan suka ƙara albarka. Saiwarsa na nutsewa ta nemo laima a ƙasa, shi ya sa a watan da ciyawa ta ƙone, kuka ta tsaya tsirara, shi yake kore. Yakan zubar da wani kaso na ganyensa a ƙarshen hunturu, nan da nan ya yi sabon toho. Ƙarƙashinsa ake daka, ake tsifar kai, ake karatun allo, ake ɗaure tunkiya. Reshensa asuwaki ne, busasshen ganyensa ana sa shi cikin hatsi don korar ƙwari, ƙwallonsa ana matse mai.

Sai dai randa tana jiƙa wurin da aka girke ta, shi ya sa ba a jingina ta da bangon ƙasa. Darbejiya na iya kai mita 15 zuwa 20, saiwarsa kuma tana tsaga katanga, ta ɗaga daɓe, ta kutsa masai. A ba shi tazarar taku bakwai ko takwas daga gini da rijiya da masai, a sa shi ta yamma da ɗaki don ya tare ranar la'asar, wadda ita ke gasa bango har dare. Sharar ganye da ƴaƴa kuwa ta kullum ce, kuma ba kasafai wata shuka ke yin kyau a gindinsa ba. Wanda ya san haka tun farko ba zai zo ya sare shi bayan shekara goma yana ƙunƙuni ba.

To, jere fa? Ɗakin da babu abin da ido zai huta a kansa ɗaki ne mai nauyi a zuciya, kuma son ado ba almubazzaranci ba ne. Masu sayar da dashe a Gusau da Kano suna tallata buganbiliya, mai jan launi ko ruwan hoda, wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Tana son rana, ta fi yin ado da rani, ƙayarta kuma na hana ƙetare katanga. A dajinmu akwai kariya, mai kumburarren gindi, da ke fitar da fure mai kyau daidai lokacin da ta zubar da ganye. Amma ruwan jikinta dafi ne, don haka gidan da ke da ƙananan yara da awaki ya bar ta a waje.

Ni dai zaɓina lalle ne. A cikin jere akwai kwanon da ba ya saukowa sai ranar goge ƙura, akwai kuma wanda ake saukewa a zuba wa baƙo abinci. Lalle irin na biyun ne. Furensa ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja, ƙamshinsu na cika tsakar gida da yamma. Yana jure fari, yana kamawa daga iri ko daga yankan reshe, idan aka jera shi kusa da juna aka riƙa datse kansa sai ya zama shinge mai kauri. Ganyen da aka datse kuma ba a zubarwa: a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, ga ƙunshin Sallah da na amarya ba tare da an je kasuwa ba. Wurinsa inda rana ke samunsa sosai, nesa da inuwar darbejiya, kusa da inda ake alwala don ya riƙa shan ragowar ruwa. Idan fari ya yi tsanani yakan kaɗe ganye, don haka kada a dogara da shi wajen neman inuwa.

Akwai wata kula da ta shafe mu fiye da sauran wurare. Ba mu manta da gubar dalmar 2010 ba, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da Ƴargalma. Duk mai neman ƙasar cike ramin shuka ya nisanci inda aka taɓa niƙa ko wanke dutsen zinariya, domin ƙasar da aka zuba a tsakar gida ita yara za su yi rarrafe a kai. Ƙasar gona mai tsabta da ruɓaɓɓen takin dabbobi sun wadatar.

Idan kuɗin dashe ɗaya ke hannunka, ko wurin ɗaya kawai za ka iya shayarwa, fara da darbejiya, domin shi ke buƙatar shekara uku zuwa biyar kafin a zauna a inuwarsa. Lalle ya biyo baya, ko reshe ka roƙa a maƙwabta za a ba ka. A dasa a watan Yuli, bayan ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya ko tubali saboda awaki. Yawancin dashen da ke mutuwa a ƙasarmu ranin farko ne ke kashe su, lokacin da ɗokin shuka ya wuce kuma ruwa ya yi tsada. Saboda haka kafin a haƙa rami, a zauna a gida a yanke wanda zai riƙa zuba bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu, daga Nuwamba har ruwan Yuni ya sauka.