Ostiyofati: Jiyya da Hannu Zalla

A shekarar 1864 cutar sanƙarau ta kashe 'ya'ya uku na wani likitan Amurka mai suna Andrew Taylor Still. Wannan rashi ya sa ya yanke ƙauna daga magungunan zamaninsa, waɗanda da yawansu cutarwarsu ta fi amfaninsu. A 1874 ya fito da wata hanyar jiyya wadda daga baya ya raɗa wa suna ostiyofati, ya kuma buɗe makarantarta a garin Kirksville a 1892. Ra'ayinsa shi ne, akasarin cututtuka daga gocewar ƙasusuwa suke tasowa, musamman na gadon baya, kuma in aka daidaita su da hannu jiki zai warkar da kansa.

Ziyarar farko takan kai kusan awa ɗaya. Mai jiyyar zai tambayi majiyyaci tarihin ciwonsa da irin aikinsa, ya sa shi ya rage tufafi, ya sunkuya, ya juya, domin a ga yadda gaɓoɓinsa suke motsi. Daga nan sai ya laluba da yatsu ya gano inda tsoka ta ɗaure, ya yi tausa, ya miƙar da ita, ya motsa gaɓar a hankali. Wani lokaci yakan danna ta da sauri har a ji ta yi ƙas. Mutane kan ɗauka ƙashi ne ya koma mazauninsa, alhali kumfar iska ce ta samu cikin ruwan gaɓar, kamar yadda yake faruwa ga mai lanƙwasa yatsunsa. Jiki kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu bayan haka.

Kimiyya ba ta gaskata ra'ayin Still ba, domin ƙwayoyin cuta ne ke kawo sanƙarau, tausa kuwa ba ta kashe su. Inda bincike ya nuna amfanin ostiyofati shi ne ciwon baya, kuma ko a nan sauƙin matsakaici ne. Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa tana maganin asma.

Kada kuma a haɗa ta da ɗori, domin mai karaya ba nan ne wurinsa ba. Haka ma wanda ƙashinsa ya yi rauni saboda tsufa, ko ciwon daji, ko tarin fuka da ya kama gadon baya. Murɗa wuya yana iya yaga jijiyar jini ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba. A Birtaniya, dokar 1993 ta hana kowa amsa sunan wannan sana'a sai wanda aka yi wa rajista.