Masu Ƙirga Tsuntsaye

Manomin Gaya ko Ajingi in ya ga shamuwa ta sauka a kan kuka, ya san damina ta ƙarato. Lura da tsuntsaye ilmi ne, har a jami'a ana koyar da shi.

Jami'ar Jos tana da cibiyar nazarin tsuntsaye a ƙauyen Laminga tun 2001. Ɗalibai sukan fita tare da sassafe, ba surutu, kowa da madubin hangen nesa. Duk tsuntsun da suka gani, sai su rubuta sunansa da yawansa.

Mene ne amfanin wannan? Shamuwa da balbela suna cin fara. In ƙirga ta nuna sun ragu, sai a nemi dalili, ko saran itatuwa ne ko maganin feshi, tun fara ba ta cinye gero ba.