Giginya: Daga Muruci Zuwa Azara

Bahaushe ya yi wa giginya kirari da "na nesa ka sha inuwarki", wai don tsayinta ya sa na gindinta ba ya samun inuwa. Akwai rashin adalci a wannan kirari, domin kaɗan ne itatuwan da suka yi wa na kusa da su hidima kamarta.

Giginya tana son ƙasa mai damshi, shi ya sa ake ganinta a fadamu da bakin koguna, kamar yankin Gaya a jihar Dosso ta Nijar, inda take da dazuzzuka sukutum. Tsayinta kan wuce mita 20, kuma in ta manyanta sai ta yi ciki a can sama. Akwai namiji akwai mace. Macen ce ke 'ya'ya, manya masu ruwan lemo da ƙamshi mai ƙarfi, kowane da ƙwallo har uku a ciki. Yara kan tsotsi zaƙin zaren, su yar da ƙwallon.

Daga wannan ƙwallo ake samun muruci. Ana tara shi a binne, bayan 'yan watanni ya tsiro ya tura saiwa mai kauri cikin ƙasa, sai a tono a dafa a kai kasuwa. Yana da ɗan ɗaci, yana riƙe ciki, wasu kuma suna cinsa da imanin yana ƙara wa maza kuzari. Ganyen kuwa na masu saƙar tabarma da mafici ne.

Amma babbar daraja tana jikin gangar. Idan aka tsaga ta aka fitar da azara, an sami katakon da gara ba ta cika yi masa illa ba, mai jure shekaru a cikin laka. Magina sun fi son ta namiji. Da azara ake rufin soro, da ita ake ɗaure bakan gizo, a jera ta ɗaya bisa ɗaya a lulluɓe da ƙasa har ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da wannan fasaha ya tashi. A Sakkwato ma sunan ya shiga tarihi: a filin Giginya aka gwabza da Turawa a 1903.

Matsalar ita ce muna cin itaciyar ta kai biyu. Kowane muruci giginya ce da aka tono tun tana jaririya, kowace azara kuma uwa ce ko uba da ya ɗauki shekaru da dama kafin ya ƙosa. Manomin da ke binne ƙwallo don muruci zai iya barin kaɗan a gefen gona, ya killace su daga awaki da gobarar daji har su fi ƙarfin baki.