Harshen Omaha: Kalmar da Ke Faɗin Yadda Abu Yake Zaune

A arewa maso gabashin jihar Nebraska ta Amurka, kusa da kogin Missouri, akwai garin Macy, cibiyar ƙabilar Omaha. Harshensu ɗan gida ɗaya ne da Ponca, Osage, Kansa da Quapaw, amma yau tsofaffi ƙalilan ne suka rage waɗanda suka tashi da shi a baki. Akasarin kalmominsa da ke rubuce sun fito ne daga aikin James Owen Dorsey, wanda ya zauna da 'yan Omaha daga 1878 zuwa 1880, ya bar dubban ƙananan takardu, kowace da kalma da ma'anarta. Waɗannan takardu ne Mark Awakuni-Swetland na Jami'ar Nebraska ya jagoranci ɗorawa a intanet kafin rasuwarsa a 2015.

Sunayen abubuwa ba su da wuyar sha'ani. Da Turawa suka zo da shanu da kuɗi, Omaha ba su ari kalma ba. Ɓaunarsu te ce, fari kuma ska, sai saniya ta zama teska. Kuɗi kuwa moⁿzeska, wato farin ƙarfe.

A ganina inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan gaɓoɓi, waɗanda mai haɗa ƙamus kan raina. Mai magana da Omaha ba ya ambatar wani takamaiman abu ya wuce, sai ya bi shi da 'yar kalmar da ke nuna yanayinsa: kʰe in a kwance yake ko mai tsawo ne, tʰe in a tsaye, thoⁿ in kewayayye ne, ge in a warwatse. Mai rai ma da nasa, akʰa ga wanda yake wuri guda, ama ga mai tafiya ko masu yawa. Haka aikatau. Saiwar se tana nufin yankewa, amma dole a faɗi da me: mase da wuƙa, gase da sara, thase da haƙori.

Zumunta ta fi ɗaure kai. Sunan da namiji ke kiran yayansa daban yake da na mace. Ɗan kawu kuma, wanda mu muke ɗauka taubashi, a wurinsu shi ma kawu ne, 'yar kawu kuwa uwa ake ce mata, ko da goye take. Saboda wannan tsari ne masana halayyar al'umma suke kiran duk zumunta mai irin wannan fasali da sunan Omaha, ko a wace nahiya suka tarar da ita.