Ƙullewar Ciki da Riƙewar Fitsari ga Mutum da Dabba a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bungudu

A bakin Bahaushe kalmar "ƙullewar ciki" tana ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko ita ce taurin bayan gida, wanda jiƙon tsamiya ko na filasko yakan warware. Ta biyu kuwa ita ce toshewar hanji ɗungum, yadda babu abin da ke wucewa, ko da iska ce. Ta farko wahala ce ta kwana ɗaya ko biyu, amma ta biyu tana kisa. Da yake suna ɗaya ya haɗa su, sau da yawa magani ɗaya ake ba su, a nan kuwa ɓarnar take. Wannan takarda za ta bayyana yadda hanji da hanyar fitsari suke toshewa, ta ɗauko misalai daga Gusau, babban birnin Jihar Zamfara tun da aka ƙirƙiro ta a 1996, da Tsafe da ke kan hanyar Funtuwa, da Bungudu da ke kan hanyar Sakkwato. Duk ukun garuruwan noma ne da kiwo, inda mutum da dabbarsa suke zaune gida ɗaya.

1. Abin da toshewa ke yi wa jiki

Ƙaramin hanjin baligi ya kai wajen mita 6, babban hanji kuma wajen mita 1 da rabi. Kowace rana jiki yana zuba wajen lita 7 na ruwan narkar da abinci cikin wannan hanya, sa'an nan ya sake tsotse mafi yawansa. In hanyar ta toshe, ruwan nan ba ya komawa jiki. Sai ya taru a bayan toshewar, ciki ya kumbura, amai ya tsananta, jini ya rasa ruwa. In kuwa hanjin murɗewa ya yi, ko ya shaƙe har jini ya daina kai masa, yana iya mutuwa cikin sa'a 6 ko abin da ya yi kusa da haka, ya ruɓe, ya huje, ƙazanta ta malala cikin ciki.

Ta wajen fitsari, ƙoda biyu suna fitar da wajen lita 1 da rabi a yini, mafitsara kuwa ba ta riƙe abin da ya wuce rabin lita ba tare da zafi ba. In fitsari ya rasa mafita, matsinsa yakan koma baya har ya isa ƙoda, dattin da ya kamata a zubar ya zauna cikin jini.

2. Toshewar hanji ga mutane

Ɗaya daga cikin manyan dalilanta a ƙasashen Afirka ta Yamma ita ce ƙaba, watau hanji ya leƙo ta wani rauni a bangon ciki, galibi a matsematsi, wani lokaci har ya sauka cikin maraina. A nan ma harshe yana rufe bambanci, gama "gwaiwa" ake ce wa kumburin maraina, ko ruwa ne a ciki ko hanji. Manomi yakan yi shekaru da ita, in ta fito ya kwanta ya mayar da ita da hannu. Ran da ta ƙi komawa, ta yi tauri da zafi, amai ya biyo baya, to, hanji ya shaƙe ke nan, ba abin da zai fisshe shi sai tiyata. Da an ɗinke raunin tun tana komawa, da aikin ƙarami ne.

Ga tsofaffi, babban hanji yakan murɗe kamar igiya, ciki ya tashi kamar ganga. Ga yara, tsutsar ciki takan yi yawa har ta dunƙule ta tare hanya. Ga jarirai kuma, musamman waɗanda ba su cika shekara 1 ba, wani sashen hanji yakan shige cikin na gabansa. Jaririn sai ya riƙa tsala kuka yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, daga baya ya yi kashi mai jini da majina. Uwaye sukan ɗauka atuni ne ko fitar haƙori.

Alamun da ke raba toshewa da taurin bayan gida huɗu ne: murɗa mai zuwa tana tafiya, amai kore mai ruwan matsarmama, kumburin ciki, da rashin fitar iska. In sun haɗu, maganin wankin ciki ba ya buɗe kome, sai dai ya tilasta wa hanji ya yi ta tunkuɗa a kan ƙofar da ke rufe, har ya yage.

3. Riƙewar fitsari ga mutane

A wuyan mafitsarar namiji akwai wani ƙullutu da likitoci ke kira furostet. Yakan girma bayan shekara 50, ya matse hanyar. Dattijo zai ga fitsari yana jinkirin fitowa, ba ƙarfi, yana tashi sau da yawa da dare, har wata rana ya tsaya cak, mara ta kumbura. Ga samari da magidanta, ciwon sanyin da ba a yi wa cikakken magani ba yakan bar tabo a hanyar, ta ƙuntace bayan shekaru. Akwai kuma tsakuwa, wadda ƙarancin shan ruwa a ƙasa mai zafi yake taimaka wa samuwarta.

Tsargiya ma tana da nata rabo. Theodor Bilharz, likita Bajamushe, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tana shiga fatar mai wanka ko kamun kifi a ruwan da ke da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ita, ƙwanta kuma ya maƙale a bangon mafitsara. Yaron da ke fitsarin jini a garuruwan bakin Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bungudu, in an ƙyale shi, tabon yana iya matse hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Maganinta, praziquantel, ƙwaya ce mai sauƙin sha.

Wanda fitsarinsa ya tsaya, ƙara masa jiƙo ƙara cika mafitsara ne kawai. A asibiti roba ake zura masa, in ta ƙi shiga a huda mara, ya sami sauƙi nan take, sa'an nan a nemi dalilin.

4. Dabbobin gida

Mahauta sun riga kowa sanin illar leda. Akuya da tunkiya da saniya ba su tauna abinci sosai kafin su haɗiye, sai daga baya su yi tuƙa. Da rani, in ciyawa ta ƙare, sukan bi juji suna cin ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai. Leda ba ta narkewa. Takan harɗe da tsumma da igiya cikin tumbi, ta zama dunƙule mai tauri, a shanu har kilo da yawa. Dabbar sai ta rame alhali cikinta tirtsitsi, ta daina tuƙa, kashinta ya ragu. Ƙusa ko waya kuma, in saniya ta haɗiye, tana iya huda ciki ta soki jakar zuciya. Likitan dabbobi yana iya tsaga tumbi ya kwashe ledar, amma kuɗin aikin yakan kusa kuɗin akuyar. Ruwanda ta hana ledar zuba kaya a 2008, Kenya kuma a 2017, mutuwar dabbobi tana cikin dalilan da aka kawo a Kenya.

Ragon layya kuwa ta wajen fitsari yake cutuwa. Mai kiwon turke yakan cika shi da dusa da hatsi domin ya yi ƙiba da sauri. Wannan abinci yana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali ana so kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2. Rarar takan zama yashi a mafitsara. Hanyar fitsarin rago doguwa ce, tana da lanƙwasa, a ƙarshenta kuma akwai wani siririn tsiro kamar tsutsa, nan yashin yake maƙalewa. Taure da ragon da aka fiɗiye tun suna ƙanana sun fi shiga haɗari, don hanyarsu ta fi ƙunci. Ragon zai riƙa yunƙuri, yana kaɗa wutsiya, yana cizon haƙora, mai shi ya ce cikinsa ne ya ƙulle, ya ɗura masa kanwa. Bayan kwana 2 ko 3 mafitsara takan fashe, ragon ya lafa kamar ya warke, alhali fitsari ne ke taruwa a cikinsa, ko an yanka shi naman zarni zai yi. In an kira likita da wuri, sau da yawa yanke tsiron nan kaɗai yakan buɗe hanya. Rigakafinsa shi ne a yawaita harawa, a rage dusa, a sa ɗan gishiri domin ya sha ruwa, kada kuma kwanon ruwa ya bushe.

Karen farauta yakan toshe da ƙashi ko totuwar masara ko ƙwallon mangwaro. Muzuru yakan riƙe fitsari kamar rago, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Doki kuwa ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki yake saurin kayar da shi.

5. Abin da ya rataya a wuyan malamai

Akwai asibitin gwamnati a Tsafe da Bungudu, a Gusau kuma akwai Asibitin Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda ake manyan ayyukan tiyata. Abin da ke halaka marar lafiya galibi jinkiri ne, rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Zamfara tun wajen 2011 kuwa ya sa tafiyar dare ta zama abin tsoro. Saboda haka wanda aka ga alamun toshewa gare shi da rana, kada a jira a ga abin da dare zai yi. Kada a ba shi abinci ko jiƙo, a kama hanya.

Malamin da ke koyar da kiwon lafiya ko aikin gona da Hausa ya kamata ya raba kalmomin a gaban ɗalibansa: "taurin bayan gida" dabam, "toshewar hanji" dabam, "gwaiwar ruwa" dabam, "ƙaba" dabam. Ɗalibin da ya riƙe wannan bambanci, in ya koma garinsu ya tarar da rago yana yunƙuri a turke, zai fara duba ko ƙasan da ke ƙarƙashinsa a jiƙe yake kafin a kawo kanwa.