Yadda Ake Horar da Kwikwiyon Karen Farauta

Na san wasu za su yi mamakin ganin ɗan makaranta ya ɗauki alƙalami yana rubutu a kan kare. To, ina roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Illela, a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, kuma dangin mahaifiyata duk mafarauta ne. Yawancin abin da zan faɗa wajen kawuna na koye shi, sauran kuwa na tsinto a littattafai.

Da farko ya kamata a sani cewa karnukan farauta iri biyu ne. Akwai masu bin sawun nama da hanci, akwai kuma masu farauta da ido, watau su hango nama daga nesa su bi shi da gudu har su kama. A kan na biyun nan nake magana. Larabawa suna da nasu da suke kira Saluki, mutanen Ingila suna da Greyhound wanda yakan yi gudun kusan kilomita 70 a awa guda. Mu kuwa a nan Sahel muna da karen Azawak, wanda ya sami sunansa daga kwarin Azawak da ya ratsa Nijar da Mali. Buzaye ne suka fi kiwonsa, yana yi musu gadin zango da dabbobi, yana kuma kamo musu zomo da barewa. Dogo ne siriri, tsawonsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 60 zuwa 74, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba. Wanda bai san shi ba, in ya ga haƙarƙarinsa a waje sai ya ce yunwa ake bar shi da ita, alhali kuwa halittarsa ke nan. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta amince da su.

Abin da ya sa horar da irin wannan kare yake da wuya shi ne idonsa. Kansa siriri ne, idanunsa suna gefe-gefe, saboda haka yana ganin fili mai faɗi, kuma kome ƙanƙantar motsi ba ya wuce shi. Da ya ga abu ya zabura da gudu, ƙafafunsa sun riga kunnensa aiki. Kafin ka buɗe baki ya yi nisan da muryarka ba ta kai masa.

Malaminmu na addini ya taɓa karanta mana aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, in an ambaci sunan Allah wajen sakinta. Ya ce malamai sun bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda in an cuna shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Ranar na yi ta tunani, domin tafiya ba sai an koya wa ɗan Azawak ba, da ita aka haife shi. Aikin duka yana wajen tsayawa da dawowa.

Wannan darasi da hawaye na koye shi. A 2023 kawuna ya ba ni wani kwikwiyo da na sa wa suna Duna. In na kira shi ya yi jinkiri, yana zuwa sai in tsula masa tsumagiya, a ganina ina koya masa ladabi. Ashe abin da nake koya masa shi ne zuwa wurina yana nufin duka. Wata safiya, yana da wata tara, zomo ya tashi a gabanmu kusa da babban titi. Duna ya bi shi. Na yi ta kira har muryata ta dushe, ko waiwayowa bai yi ba. Zomo ya tsallake, Duna kuwa wata babbar mota ta same shi. Da na kai wa kawuna labari bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, kai in malaminku yana dukanka duk sa'ad da ka amsa kira, za ka riƙa gaggawar amsawa?" Ban sami abin faɗa ba.

Bayan shekara guda ya samo mini wata 'yar kwikwiya wajen wani Buzu abokinsa, na sa mata suna Guguwa. Baba bai so ba. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin cewa ranar da ta kashe kazar wani, ranar za ta bar gidan. Ga yadda muka bi da ita.

Ba a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako takwas, domin wajen uwa da 'yan'uwa yake koyon yadda ake wasa ba tare da cizo mai zafi ba. Daga nan zuwa wajen mako goma sha biyu ko sha huɗu shi ne lokacin da zuciyarsa take buɗe. Abin da ya saba da shi a kwanakin nan zai ɗauke shi abin gida, abin da bai gani ba kuwa zai girma yana tsoronsa ko yana binsa da gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka kullum da safe nakan riƙe ta da igiya in zauna da ita inda Inna take watsa wa kaji tsaba, da yamma kuma in kai ta garken awaki. In ta dube su ta kawar da kai, sai in yaba mata in ba ta ɗan abin taɓawa. Haka na riƙa nuna mata baƙi da yara da jakuna da masu babur, domin ɗan Azawak ba mai saurin sakin jiki da baƙo ba ne, in ba a saba masa ba sai ya zama mafaɗaci.

Abin taɓawar nan shi ne sandar horo. Ni busasshen nama nake yankawa ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Kada a ba shi ƙilishi, saboda yaji da albasar da ke ciki. Albasa tana cutar da kare. Sharaɗin lada shi ne gaggawa. In ya yi daidai a ba shi nan take, domin in aka yi jinkiri ba zai gane abin da ake saka masa a kai ba. Kada kuma darasi ya wuce minti biyar, sau biyu ko uku a yini, kafin a ba shi abinci. Irin waɗannan karnuka suna saurin gundura. Ka maimaita abu sau goma, sai ka ga ya juya maka baya ya kwanta, kamar yadda wasu abokaina suke yi a darasin lissafi na bayan azahar.

Babban darasi shi ne kira. Na fara a cikin zaure, inda babu abin da zai ɗauke mata hankali. In kira sunanta sau ɗaya, in ce "Zo!", in durƙusa. Tana zuwa sai nama da yabo. Da ta ƙware sai muka koma tsakar gida, sa'an nan bayan gari, da igiya mai tsawon mita goma a wuyanta. Amfanin igiyar ba jan ta ba ne, hana ta koyon cewa ana iya ƙin amsa kira a tsira ne. Na haɗa da fito, tun da fito ya fi murya kai wa nesa, kuma ba ya nuna fushi.

Akwai kurakuran da kusan kowa yake yi a nan. Mutum ba ya kiran karensa sai in zai ɗaure shi, to, kare ba wawa ba ne, zai gane kira ƙarshen wasa ne. Ni nakan kira ta, in ba ta nama, in sake ta ta koma wasanta, sau da yawa a fita guda. In kuwa ta ƙi zuwa ba na bin ta. Wa zai iya tsere da Guguwa? Sai in juya in ruga wata hanya ina tafi, nan da nan sai ga ta a bayana, tun da bin abin da ke gudu shi ne halinta. Kome daɗewar da ta yi, in dai ta dawo da ƙafarta, ba na ɗaga mata hannu. Wannan na yi wa kaina alkawari tun ranar Duna.

Wajen abin wuya a lura. Kan waɗannan karnuka bai fi wuyansu kauri ba, saboda haka in ya ja da baya sai ya zare kansa ya bar ka da igiya a hannu. Na sa baduku ya ɗinka mini na fata mai faɗi, na ɗaura yadda yatsu biyu kaɗai za su shiga. In muna tafiya ta ja igiya, sai in tsaya cik, ba na motsawa sai ta sassauta.

Littattafan Turawa sukan fara da koya wa kare zama. Ni ban wahalar da kaina a nan ba, domin yawancin masu dogayen ƙafafun nan zaman tsugune ba ya yi musu daɗi. "Kwanta" na koya mata, ta hanyar sauke nama daga hancinta zuwa ƙasa tsakanin ƙafafunta. Sai kuma "Bari!", wanda shi ne ya ceci zamanta a gidanmu. Nakan dunƙule nama a hannu in miƙa mata. Za ta yi ta lasa tana tono, ni kuwa shiru. Tana janye kai sai in ba ta wani naman daga ɗaya hannun. Da ta gane, na riƙa faɗin kalmar, daga baya na koma ajiye naman a ƙasa, daga nan kuma na riƙa jan tsumma da zare a gabanta.

Kada wani ya zaci horo yana cire halitta. Tana da wata bakwai, lokacin da kwikwiyo kan yi kamar ya manta duk abin da aka koya masa, wata zabuwar maƙwabta ta faɗo gidanmu tana fuffuka. Guguwa ta zabura. Na daka mata tsawa na ce "Bari!" Ta tsaya, amma da gashin jelar zabuwa a bakinta, jikinta yana rawa. Baba yana zaune a kan tabarma yana kallo. Ya dubi zabuwar da ta haye katanga, ya dube ni, ya ce, "Da sauranka." Ranar na mayar da doguwar igiya, muka koma baya wata guda cur. Har yau ba na sakin ta kusa da titi, kuma ba zan taɓa yi ba.

Kawuna bai yarda a kai ta farauta ba sai ta haura shekara, domin ƙasusuwan kwikwiyo ba su gama ƙwari ba, gudu mai tsanani yana iya nakasa shi. Tana cika wata uku muka kai ta wajen likitan dabbobi aka yi mata allurar rigakafin haukan kare, aka ba ta maganin tsutsar ciki. Wannan allura wajibi ce ga duk mai kare, domin in cutar ta bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Da sanyin hunturu kuma a shimfiɗa masa buhu a wuri mai rufi, tun da ba shi da kitse ko gashin kirki.

Wahalata ita ce ni ɗan makarantar kwana ne, wata uku ba na gida. Kafin in dawo na rubuta kalmomin nan huɗu a takarda, zo, kwanta, bari, tsaya, na manna a bangon zaure, na roƙi kowa ya riƙa amfani da su kaɗai, don kada wannan ya ce "zo" wancan ya ce "taho" su rikita ta. Ƙanena ne yake ci gaba da darasin. Ranar ziyara da ta wuce ya gaya mini kajin unguwa duk suna nan lafiya, sai dai naman horon yana saurin ƙarewa, kuma ina zaton ba Guguwa kaɗai take cin sa ba.